Idan Kunne Ya Ƙi Yin Shiru

Akwai larurar da mai ita yake jin nauyin faɗa, saboda ba shi da abin da zai nuna. Babu kumburi, babu jini, jiki bai yi zafi ba. Ƙara ce kawai a cikin kunne, ko a tsakiyar kai, kuma shi kaɗai yake jin ta. Wani ya ce masa kukan gyare ne, wani fito ne siriri da ba ya yankewa, wani kuwa shuuu kawai yake ji. Da rana hayaniyar gari takan danne ta. Sai dare ya raba, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sannan ta fito da ƙarfinta, mutum ya yi ta juyi a shimfiɗa har kiran assalatu.

Mu mukan ce kunne yana kuka, likitoci kuma su ce tinitus. Masu fama da shi sun fi yadda ake zato yawa. Wani nazari da aka buga a mujallar JAMA Neurology a 2022, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kashi 14 cikin ɗari na manyan mutane a duniya suna jin wannan ƙara, sama da mutum miliyan 740 ke nan. Wato kusan ɗaya cikin bakwai. Waɗanda ta tsananta wa har ta hana su sakat kimanin kashi 2 ne cikin ɗari. Wannan tazara tsakanin 14 da 2 ita ce abin lura: mafi yawan masu ita suna harkokinsu lafiya lau, wasunsu ma sai an yi zancen suke tunawa da ita.

Abin da ya fi wahalar da mutum a farko tsoro ne. Zuciya ta fara saƙe-saƙe: ko iska ce, ko an yi mini sammu, ko taɓin hankali ne ke sallama, ko wani abu ne ya tsiro a ƙwaƙwalwa. Kukan kunne ba hauka ba ne, ba kuma hanyarta ba ce. Wanda yake jin muryoyi suna yi masa magana da kalmomi, wannan wata larura ce daban mai nata likitan. Addu'a kuwa babu mai hana ka, tana ma kwantar da hankali, kuma kwanciyar hankali na cikin maganin. Amma a haɗa da sanin abin da ke faruwa a cikin kunnen.

Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan sashe a naɗe, cike da ruwa, wanda a cikinsa ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 15,000 suke jere. Su ne suke karɓar motsin sauti su miƙa wa jijiya, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani, ko tsufa, ko wasu magunguna suna kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Idan saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara buɗe kanta don ta kamo abin da ta rasa. Duk wanda ya taɓa neman tashar Hausa a gajeren zango ya san abin: tasha ta yi rauni, ka ƙara murya, sai shuuu ɗin rediyon ya cika ɗaki. Yawancin kukan kunne haka yake. Tun a 1953 wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, suka shigar da mutane masu lafiyar ji ɗakin da sauti ba ya shiga, sai kashi 94 cikin ɗari suka ce sun ji wata ƙara. Ashe tana nan a kan kusan kowa, sautin duniya ne yake rufe ta.

A wajenmu babban mai laifi hayaniyar wurin neman abinci ce. Leƙa shagon mai injin niƙa da hantsi. Ɗaki ne ƙarami mai rufin kwano, inji biyu suna aiki, ga janareta a bakin ƙofa. Yarinya ta miƙo roba, sai ta kafa bakinta a kunnensa ta ɗaga murya kafin ya gane gari take so ko tsaki. Shi da yaronsa sun koma magana da hannu. Da magariba ya kashe inji, kunnensa ya ɗauki fito, maganar mutane ta zama kamar daga nesa. Kafin safiya ya washe, sai ya ɗauka ba komai. Shekaru na tafiya, wata rana fiton ya zo ya ƙi tafiya. Haka labarin mai walda yake, da mai yanka katako, da maƙeri, da mai gyaran janareta, da jami'in tsaro mai harba bindiga.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. A 85, awa takwas ne iyakar abin da masana lafiyar ma'aikata suka yarda kunne ya ɗauka a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 88 awa huɗu, a 91 awa biyu, a 100 minti 15 kacal. Ba sai kana da na'urar awo ba. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, wurin yana cin kunnenka.

Sai kuma wadda muke saye da kuɗinmu. A wurin biki za ka ga an jera lasifika sun fi mutum tsawo, yara ƙanana suna rawa a gindinsu, uwa da goyo a bayanta tana zaune kusa. Matashi kuma ya cusa iyafis ya ƙure murya har na kusa da shi a mota yana jin waƙar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalata jinsu ta irin wannan sauraro, shawararta kuma kada muryar waya ta wuce kashi 60 cikin ɗari.

Magunguna ma suna da nasu kason. Tsofaffinmu sun san yadda kwinin yake sa kunne kuka, wannan yakan wuce bayan an gama sha. Asfirin mai yawa da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu aikin ƙarfi suke haɗiya kullum kamar abinci, su ma suna iya tayar da shi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne allurar gentamicin da danginta irin su streptomycin da amikacin, domin ɓarnarsu kan zauna har abada. Magunguna ne masu ceton rai idan likita ya auna ya bayar. Matsalar ita ce wanda ake tsira wa a bayan kanta don ɗan zazzaɓi, ba awo ba lissafi. Idan likita ne ya ɗora ka a kan magani kunnenka ya fara kuka, kada ka daina da kanka, koma ka gaya masa da wuri. Bayan waɗannan akwai dattin kunne da ya cushe, da kunne mai zubar da ruwa, da hawan jini, da ƙarancin jini, da ciwon muƙamuƙi, da abin da sanƙarau ko zazzaɓin Lassa kan bari. Akwai kuma mari. Tafin hannu guda a kan kunne ya isa ya fasa dodon kunnen yaro ko na mace, iyaye da malamai da mazaje su ji wannan da kyau.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne abin da mutane ke yi don su kori ƙarar. Mace ta je kemis ta ce, "Malam, kunnena ke kuka, a ba ni na ɗigawa." Ba a leƙa kunnen ba, aka miƙo mata kwalba. Idan bai yi ba, maƙwabciya ta ce ruwan albasa, wata ta ce man tafarnuwa, wani ya ce a ɗumama man ja. Tsakanin haka ana ta sakace da ashana, da gashin kaza, da tsinken tsintsiya, da audugar nan mai tsinke wadda ba abin da take yi sai tura datti ciki. Ƙarar da ke fitowa daga can ciki ko daga ƙwaƙwalwa, babu abin ɗigawar da zai kai gare ta. Idan kuwa dodon kunnen a huje yake, abin da aka zuba zai wuce inda bai kamata ba, wasu magungunan ɗigawar ma suna ɗauke da irin sinadarin da ke kashe ji. Garin neman gira sai a rasa ido. Haka masu talla a Facebook da TikTok da suke rantsuwa cewa ƙwayarsu tana kashe kukan kunne cikin mako guda: har yau babu ƙwaya ko tsimin da bincike ya tabbatar yana yin haka, har da ganyen ginkgo da aka fi yayatawa.

Akwai lokutan da ba a jira. Idan ka wayi gari kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, a ranar za ka nemi likitan kunne, domin maganin wannan a kwanakin farko yake aiki, in aka yi makonni an makara. Haka idan ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciyarka, ko a kunne ɗaya take kullum, ko ta zo da jiri mai juya ɗaki, ko baki ya karkace, ko bayan buguwa a kai ta fara, ko kunnen yana ciwo yana fitar da mugunya. Wanda kuma ƙarar ta kai shi ga jin ya gaji da rayuwa, ya faɗa wa wani nasa yau, a kai shi asibiti.

Ko babu ɗaya cikin waɗannan, ya kamata a je a duba sau ɗaya. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuma duk suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Za a haska kunnen, a auna jini, a yi gwajin ji: ka zauna a ɗan ɗaki, a sa maka abin sauraro, duk sanda ka ji ɗan sauti ka danna maɓalli ko ka ɗaga hannu. Babu allura, babu zafi. Wani datti kawai za a cire masa ya fita yana murna. Da yawa kuma za a ce musu ƙarar ba ta da maganin sha. A nan wasu suke karaya, su ɗauka an ce babu abin yi, alhali abin yi yana nan.

Ƙwaƙwalwa tana da ɗabi'ar watsar da duk sautin da ta gamsu ba shi da haɗari. Abin da ke hana ta watsar da kukan kunne shi ne fargaba: kana tsoronsa, kana kasa kunne ka ji ko ya ƙaru, ita kuma ta ɗauka abu ne mai muhimmanci ta riƙa kawo maka shi gaba. Rashin barci ya ƙara damuwa, damuwa ta ƙara ƙarar. Hanyar da bincike ya fi goyon baya ita ce zama da masanin halayyar ɗan Adam ya taimaka maka ka warware wannan zagaye. Ba lallai ƙarar ta ɓace ba, amma takan koma abin da sai ka neme shi kake ji. Ga yawancin mutane wannan sabo yana zuwa cikin watanni, wani ya kai shekara ko fiye.

A aikace, kada ka kwana a cikin shiru tsit. Bar fanka tana juyawa, ko ka kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ko karatun Alƙur'ani, ko sautin ruwan sama da ake samu a waya. A ajiye wayar a gefe, ba a cusa a kunne ba, kuma muryar ta yi ƙasa da kukan kaɗan yadda za su gauraya, domin idan ka binne shi gaba ɗaya ƙwaƙwalwa ba ta samu damar sabawa ba. A wurin aiki mai ƙara ka sa toshiyar kunne ta soso, irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan kariyar ma'aikata. Auduga ba ta tare komai na a zo a gani. Amma da ka bar wurin ka cire. Wasu don tsoro sukan wuni da kunne a toshe har a gida, wannan ƙara fito da kukan yake yi. Idan gwaji ya nuna jinka ya ragu, na'urar ƙara ji takan rage ƙarar sosai, don tana mayar wa ƙwaƙwalwa sautin da take nema. Kunyar sa ta ba ta da wani dalili, tabarau ma haka aka fara da shi. Batun goro da shayi da kofi kuwa, bincike bai nuna dole kowa ya bari ba. Gwada da kanka, in ka ga suna tayar maka ko suna hana ka barci, ka rage, musamman da yamma. Taba sigari dai barinta alheri ne ga kunnen da sauran jiki.

Mutanen gida su ma suna da aiki. Dattijon da ke cewa kunnensa na kuka, yana yawan cewa "na'am?", ba rigimar tsufa yake yi ba. Maimakon a daka masa tsawa daga tsakar gida, a zo gabansa ya ga bakin mai magana, a rage talabijin, a ce, "Baba, abinci ya sauka," a hankali kuma a fili. Kada a ce masa ya daina sa abin a ransa kamar shi ya gayyato shi. Mai shago kuma da yake da yara a gindin inji, idan zai sayo wa kansa toshiyar kunne ya sayo har da tasu, ya kuma riƙa sa su suna karɓa-karɓa, kowa ya fita waje ya huta, domin yaron da ya fara wannan aiki yana ɗan shekara 12 zai iya kai wa 30 da kunnen tsoho.