Buji: Ɗan ƙarfen da ke tsayar da babura a hanyoyin Hamdara

A ƙaramar hukumar Hamdara da ke gundumar Mirya a jihar Damagaram, da zarar an sauka daga kwalta sai rairayi. A irin waɗannan hanyoyi babur ne ke kai kayan lambu kasuwar Mirya ranar Lahadi, shi ke kai mai naƙuda likita cikin dare, kuma da shi ɗan kabu-kabu ke samo cefanen gida. Da yawa daga cikin baburan nan kuɗin 'yan ci-rani ne ya saye su, daga Agadas, Libiya, Aljeriya ko Najeriya.

Sai dai sau da yawa abin da ke tsayar da babur a tsakiyar daji bai kai tsawon yatsa ba. Shi ne buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi. Mutane da dama kan miƙa kuɗi ga mai kayan gyara su ce a ba su buji kawai, kamar mai sayen ashana, alhali kowane inji da irin nasa.

Aikin da yake yi

Buji ne ke kyasta wutar da ke ƙona haɗin mai da iska a cikin inji. Wutar da ke isa gare shi takan haura bolt 10,000. Idan injin babur yana juyi 6,000 a minti guda, bujin zai kyasta aƙalla sau 50 a kowace daƙiƙa. Domin ya yi aiki daidai, ana son zafin bakinsa ya tsaya tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya gaza haka, baƙin hayaƙi zai taru a kansa har wutar ta daina fita. Idan kuma ya zarce, zai riƙa kunna man tun lokaci bai yi ba, abin da kan iya huda fistin. A nan ne asarar 'yan kuɗi kaɗan ke komawa ta sauke inji gaba ɗaya.

Lambar da ke jikinsa

Haruffa da lambobin da ke jikin farin tangaran ɗin buji ba ado ba ne. A tsarin kamfanin NGK na ƙasar Japan, wanda ya fi kowane suna a wajen makanikai, harafin farko yana nuna kaurin zaren da ake murɗawa: C milimita 10, D milimita 12, B kuma milimita 14. Harafin H na nufin tsawon zaren milimita 12.7 ne, E kuma milimita 19.

Ke nan C7HSA gajere ne siriri, na ƙananan babura masu kwantaccen inji irin na Honda Cub da 'yan China da aka kwaikwaya daga gare shi. D8EA kuwa ya fi kauri da tsawo, shi ne na injina masu tsarin CG 125 da 150, waɗanda ake samu a jikin baburan China da dama. Injin ban-ruwa da janareta masu tsarin Honda GX160, irin waɗanda masu lambu ke amfani da su a Mirya da Gidimuni, BPR6ES suke ɗauka. Kamfanin Torch na China yana da kwatankwacin na babura: A7TC a madadin C7HSA, D8TC a madadin D8EA.

Tsawon zaren nan ba abin wasa ba ne. Dogon buji a gurbin gajere yana iya karo da fistin. Gajere a gurbin dogo kuma wutarsa takan maƙale a cikin rami, babur ya riƙa shan mai ba ƙarfi, sauran zaren ramin ya cike da dauɗa.

Mai zafi da mai sanyi

Lambar da ke tsakiya ita ce ta fi rikita mutane. Tana nuna saurin da buji ke sauke zafi daga bakinsa zuwa jikin inji. A wajen NGK da Denso, babbar lamba na nufin buji mai sanyi, wato mai saurin sauke zafi. A wajen Champion da Bosch kuwa abin a juye yake, babbar lamba ita ce mai zafi. Saboda haka 7 ɗin wani kamfani ba lallai ya zama 7 ɗin wani ba.

Akwai masu zaton zafin bazarar Damagaram ko sanyin hunturu ne ke yanke hukunci. Yadda injin ke aiki shi ne kan gaba. A Kanada da arewacin Turai, baburan da ke gudu a kan ƙanƙara da yawansu BR9ES suke ɗauka, buji mai sanyi ƙwarai, domin injinsu na juyi da matuƙar sauri yana tara zafi. Babur ɗin da ke kutsawa cikin rairayin Hamdara da buhu biyu na gero shi ma injinsa na shan wuya, don haka sa masa buji mai zafi fiye da wanda kamfani ya rubuta, da nufin ya daina baƙi, sayen rigima ne.

Launinsa ke faɗin ciwon inji

Gogaggen makanike kan duba bakin tsohon buji kafin ya jefar. Idan launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, inji lafiya lau. Busasshen baƙi kamar gindin tukunya na nuna mai ya fi iska yawa, kuma a yankin da ƙurar hunturu ke toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki, nan ya kamata a fara dubawa, sai cok da aka ja aka manta ba a mayar ba, sai kafireta. Jiƙaƙƙen baƙi mai maiƙo alama ce ta baƙin mai na haurawa saboda ringi ya ci. Fari fat ko narkakken baki kuwa zafi ne ya yi yawa, kuma shi ne mafi haɗari.

Wanda ke canza buji duk mako bai magance komai ba, domin matsalar na can inda ya bari.

Man da ake sha ma da nasa hannu. Duk da matatar SORAZ da ta fara aiki a 2011 a arewacin birnin Damagaram, a ƙauyuka har yanzu man kwalba na bakin hanya aka fi samu. Idan ya haɗu da ruwa, ƙura ko kalanzir, a bakin buji ake fara ganin shaidarsa.

Jabu a kwalin na gaske

Kamfanin NGK da kansa ya sha gargaɗi kan jabun kayan da ake bugawa da sunansa. Daga alamomin da ake dubawa akwai rubutun da ya dushe ko ya karkace, zaren da ba shi da santsi, da zoben ƙarfen gindi da ke zamewa ya fita cikin sauƙi. Ga wanda zai saya a kasuwar Dole ko a rumfar gefen hanya, ya fi kyau ya tafi da tsohon bujin ko hoton lambarsa a waya, ya kuma yi hattara da farashin da ya yi araha fiye da kima. Buji na gaskiya na ƙaramin kamfani ya fi jabu mai babban suna.

Akwai kuma masu bakin iridiyom, masu tsada da daɗewa. Suna da kyau, amma ba za su gyara kafiretar da ta lalace ba.

Wajen ɗaurawa

Tazarar da ke tsakanin ƙarafuna biyu na bakin C7HSA da D8EA milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. A bari inji ya huce, a share rairayin da ke gefen ramin kafin a kwance, don kada ya faɗa ciki. A fara murɗa sabon da hannu har ya zauna, sannan a ƙara kamar rabin zagaye da sifana. Kan inji na alminiyom ne, ƙarfin tuwo na cinye zarensa.

NGK na ba da shawarar canza bujin babur na yau da kullum bayan kilomita 3,000 zuwa 5,000. Ɗan kabu-kabun da ke cin kilomita 100 a rana zai cika wannan cikin kwana 30 zuwa 50. Ga shi, da ma duk mai shiga ƙauyukan Hamdara da dare, ajiye sabon buji mai lambar da ta dace tare da sifanarsa a ƙarƙashin sirdi shi ne zai raba shi da turin babur cikin yashi.