Idan Al'ada Ta Fara Rikicewa: Abin Da Matan Arewa Ya Kamata Su Sani

Ranar Juma'a a kasuwar Dogon Dutsi, ba wuya ka ga mace ƴar shekara 45 zaune gaban tiren ƙuli-ƙulinta tana fifita da gefen mayafi, gumi na tsiyaya, alhali ana cikin sanyin hunturu. Daren jiya ba ta yi barci ba. Wata uku ke nan ba ta ga al'ada ba. Wannan ta ce mata masassara ce, waccan ta ce iska ce, wata kuma ta ce ciki ne ya kwanta. Sai kuɗin jari ya fara tafiya wajen sayen ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe.

Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Jiki ne ya kama hanyar ɗaukewar al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55. To amma ba rana ɗaya take tsayawa ba. Shekaru kafin nan, wani sinadari mai suna estrojin, wanda ma'ajiyar ƙwan mace ke samarwa, yakan yi ta hawa da sauka. Shi ke kawo zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da saurin fushi, da ciwon gaɓoɓi, da bushewar gaba har kwanciyar aure ta zama wahala. Wannan ba sammu ba ne, ba kuma abin kunya ba ne.

Sai dai akwai abu biyu da ba a wasa da su.

Na farko, ciki. Muddin mace ba ta cika wata 12 a jere ba tare da ganin jini ba, tana iya ɗaukar ciki. Ciki bayan shekara 40 kuwa, musamman ga wadda ta yi haihuwa da yawa, ya fi zuwa da hawan jini da zubar jini wajen haihuwa. Likitoci ba su san cikin da ke kwanciya shekara da shekaru ba. Gwajin fitsari na ƴan mintoci a CSI zai raba gardama, a can ne kuma ungozoma ke bayanin hanyoyin hutun haihuwa.

Na biyu, jinin da ba na al'ada ba. Wadda ta shekara cur ba ta ga jini ba, sannan ya dawo ko da ɗigo ne, kada ta ce ƙuruciya ce ta dawo. Haka nan jini bayan saduwa da miji, ko jini mai gudaji da ya wuce mako, ko ruwa mai wari, ko ƙullutu a nono. Wani lokaci ƙaramar matsala ce, wani lokaci kuma farkon sankarar mahaifa ko ta nono, wadda ake iya maganinta idan an gano ta da wuri. Mata da dama sukan je wurin malam su tambayi hukuncin salla da wannan jini. Hakan daidai ne, amma a haɗa da zuwa likita.

Hanyar a bayyane take. Ƴar Matankari ko Dankasari, ƴar Dumega ko Kore Mairuwa, ta fara da CSI mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ta babbar likita, daga nan zuwa cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Dosso, ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai.

A gida ma akwai abin yi. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashi kan yi rauni, hawan jini kan ƙaru. A yawaita zogale, wake, riɗi, nono da ƙananan kifi, a rage gishiri da dunƙulen miya, a riƙa awon jini. Wadda ke haki da jiri, tafin hannunta ya koɗe, ta je a duba ko jininta ne ya yi ƙasa.

Maigida kuma ya yi haƙuri, ya ba da kuɗin mota. Asarar cinikin kasuwa ɗaya ba ta kai asarar uwar gida ba. Allah ya ƙara mana lafiya.