Hoton Ganuwa a Gidan Makama da Ƙwallar Mutanen Gwale

Duk wanda ya saba shiga Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihin nan da ke kusa da fadar Sarkin Kano, ya san inda masu ziyara suka fi daɗewa a tsaye. Yara 'yan makaranta sukan taru ne a bakin ƙofa suna shafa igwogin da aka girke. Manya kuwa, musamman waɗanda suka tashi a yammacin birni, gaban tsofaffin hotunan ganuwa da ƙofofinta suke cin birki. Mutum zai matso har hancinsa ya kusa taɓa hoton, ya yi shiru, can sai a ji ya ce, "Allah sarki!"

Hoton ba shi da launi, baƙi ne da fari, kuma ya fara dusashewa. Ganuwa ce ta jar ƙasa ta miƙe har inda ido ya ƙure, ruwan damina ya zana mata tsaga-tsaga a jiki. Ƙofar kuwa 'yar siririya ce mai duhu, kamar bakin zaure. Mutanen da ke tsaye a gindinta sun zama ƙanana ƙwarai, kuma da su ne mai kallo yake gane tsayin ginin. A nan ne jikin ɗan Gwale yake yin sanyi, domin abin da yake kallo ba wata ƙasa ba ce mai nisa. Hanyar da ya biyo da safe ce.

Kabuga da Dukawuya da Gadon Ƙaya, duk ƙofofi ne na wannan ɓangare na birni, kuma a nan aka yi ta ta ƙare a 1903. Rundunar Turawan mulkin mallaka ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairu, ta fasa Bebeji a hanya, ta iso Kano ranar Talata 3 ga Fabrairu. Ta fara gwada Dukawuya, igwa ta yi aiki amma ƙofar ta ƙi ba da hanya, sai aka karkata zuwa Kabuga, ta nan aka kutsa. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato gaida sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Jama'arsa na kan hanyar dawowa aka yi karon Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasa ransa. Shi Alu aka kama shi, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, can ya rasu a 1926. Gwamna Lugga ya naɗa Muhammadu Abbas a madadinsa.

Wani abu da ke ƙara wa hoton nauyi shi ne tunanin wanda ya ɗauke shi. Hotunan farko-farko na Kano yawanci Turawa ne suka ɗauka, sojoji da ma'aikatan mulki da matafiya. Ke nan da idon wanda ya ci garin muke ganin garin kakanninmu. Akasarin sojojin da suka fasa ƙofar ma baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa suke ji. Wannan magana ce mai ɗaci, amma wajibi ne malamin da ya kawo ɗalibai ya faɗa musu ita a gaban hoton.

Ganuwar ta girmi wannan rana da kusan shekara 800. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Shi kansa Gidan Makama tun zamanin Rumfa yake. Aikin gayya ne ya riƙe ganuwar duk tsawon wannan lokaci: bayan damina a fito a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a toshe inda ruwa ya ci. Ginin ƙasa haka yake, shekarar da aka daina taɓa shi, shekarar yake fara komawa inda ya fito. Da yaƙi ya ƙare, gayyar ma ta mutu.

Amma ba ruwan sama kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Wanda ya bi titin tsohuwar Jami'ar Bayero daga Gadon Ƙaya zuwa Kabuga ya ga abin da hannun mutum ya yi. An ɗebi ƙasar badala an yi tubali, an yanka filaye a jikinta, shaguna sun juya mata baya, wani wurin ta zama juji. A Kabuga yanzu gadar ƙarƙashin ƙasa ce, motoci da a-daidaita-sahu suna shiga suna fita dare da rana. Ba wanda zai ce gari mai miliyoyin mutane ba ya bukatar hanya. Sai dai abin da igwar Morland ta yi kafa ɗaya ce, abin da muka yi da hannunmu kuwa ya shafe zango-zango. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, kuma har yau ba ta wuce matakin fata ba.

Shi ya sa dattijon da ya hau badala yana yaro yake share ido a gaban hoton. Yana da abin da zai gwada shi da shi. Jikansa da aka haifa a Ɗorayi ko Sani Mainagge ba shi da wannan. A wurinsa Kabuga sunan tasha ce da ake sauka.

Daga Kabuga zuwa Gidan Makama tafiyar 'yan mintuna ce. Iyaye da malaman makarantun Gwale su kai yara su ga hotunan da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin da aka adana a can, sannan a hanyar dawowa su tsaya da su a gindin abin da ya rage na badala. Masu unguwanni da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa kuma su tsare wannan ragowar, kada a ƙara yanka ko taku ɗaya a jikinta.