Me ya sa ake barin ramuka a daɓen tashar jiragen ruwa?

Duk wanda ya kalli hoton gadar da ake sauke fasinjan jirgin ruwa zai lura daɓenta kamar raga yake, ana hango ruwa ta ƙasa. Da gangan aka yi shi haka, domin igiyar teku ta ƙasa take bugo daɓe ta ɗaga shi sama.

Ruwan teku yana da nauyi: mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ya kai kilo 1,025. Idan igiya ta taso a ƙarƙashin daɓe marar rami, ruwan da iskar da ta maƙale ba su da hanyar fita, sai su tura shi sama. Haka ta faru a watan Agustan 2005, lokacin guguwar Katrina a Amurka: ruwa ya ture sassan kankare na gadar I-10 da ke kusa da birnin New Orleans, wasu suka faɗa cikin tafki. Sabuwar gadar da aka gina, an ɗaga ta kimanin mita 9 daga ruwa.

Raga tana barin ruwa ya wuce, ƙarfin bugun ya ragu sosai. Akan yi ta da roba mai zaren gilashi, wato FRP, wadda ba ta tsatsa. Sai dai ba ta da nauyi, don haka maɗaurai ne kaɗai ke riƙe da ita, kuma a nan aiki ya fi lalacewa. Igiya tana jijjiga daɓen dare da rana har noti ya kwance da kansa. Shi ya sa ake amfani da noti mai zoben roba a ciki, a ɗaure kowane allo aƙalla ta kusurwoyinsa huɗu.

Ƙarfen ma ba kowanne ba ne. Lamba 316 ya fi 304 jure gishiri, saboda sinadarin molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari da ke cikinsa. Idan kuma ya taɓa alminiyam a cikin ruwan gishiri, su biyun sukan zama kamar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa, sai an raba su da wasal na roba. (Gishirin nan ne ke kashe waya mai alamar IP68, don da ruwan daɗi ake gwajinta.)

Mai neman arha a wajen noti, allon gaba ɗaya zai rasa, kuma wanda ya taka gurbinsa cikin dare teku zai faɗa.