Ka sayi na'urar gem da kuɗinka, amma wa ke da iko da ita?

A Kabo da Garo da Gwarzo, na'urar gem ɗin yawancin matasa ita ce wayar Android da ke aljihunsu. Wanda ba shi da data yakan je shagon masu turi, ko abokinsa ya tura masa wasan ƙwallo ta Xender. Hakan na yiwuwa ne saboda Android ta bar ƙofa a buɗe, mutum na iya saka manhaja ba sai ta Play Store ba.

Ba kowace na'ura ce ke ba da wannan dama ba.

Nintendo Switch, wadda ta fito a 2017, a kulle take: wasan da kamfanin ya amince da shi kaɗai take karɓa. A watan Mayun 2025, gab da fitowar Switch 2, Nintendo ya sabunta yarjejeniyarsa da masu amfani da ita a Amurka, inda ya ce zai iya mayar da na'urar wanda ya yi mata kutse mara amfani. Tun a Maris ɗin 2023 ya rufe shagon intanet na 3DS, aka daina sayen sabon wasa ta nan.

Steam Deck ta kamfanin Valve, wadda ta fito a 2022, ta bi wata hanyar. Kwamfuta ce ƙarama mai aiki da Linux, mai ita na iya ɗora mata Windows, kuma ana sayar da kayan gyaranta a fili. Ga wanda makanikensa ke kasuwar Farm Centre a Kano, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne: buɗaɗɗiyar na'ura tana gyaruwa, tana kuma daɗewa a hannu.

Masu kullewa su ma suna da hujja. Kulle na rage satar fasaha, yana kuma tare manhajojin da ke kwashe bayanan banki.

Da irin wannan hujja Google ya sanar a Agustan 2025 cewa zai buƙaci duk mai ƙirƙirar manhajar Android ya tantance kansa, ko da ba ta Play Store ake samunta ba. Ya ce zai fara da Brazil da Indonesiya da Singafo da Thailand a Satumban 2026, sauran ƙasashe su biyo baya daga 2027.

Idan abin ya iso Najeriya, masu turi da yaran da ke layi a shagunansu ne za su fara ji a jikinsu.