Gargaɗi ga Matafiya Masu Agogon Auna Numfashi

A 'yan shekarun nan an soma ganin samari da fatake da alhazai a birnin Shehu ɗaure da wani irin agogo wanda, baya ga faɗin lokaci, yake ƙidayar bugun zuciya da numfashi, har ya nuna yawan iskar oksijin da jini yake ɗauke da ita. Kuma da yake Sakkwato a kwance take, tudunta bai wuce kimanin mita 300 bisa teku ba, mai lafiya kullum yakan ga 95 zuwa 100 cikin ɗari, har ya zaci haka al'amarin yake a ko'ina.

Amma ranar da ya tashi daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, alhali iskar cikin jirgi daidai take da ta tsauni mai mita 1,800 zuwa 2,400, ko ya yada zango a Addis Ababa, wadda ta haura mita 2,300, ko ya hau Mambila a Taraba, sai lambar ta sauka, domin iskar tudu ba ta da nauyin tura oksijin cikin jini kamar ta kwari. Ga mai lafiya wannan ba abin firgita ba ne. Mai sikila kuwa, ko mai ciwon zuciya ko huhu, wajibi ne ya ga likita tun kafin ya yanki tikiti.

Mas'alar da ta fi shafarmu ita ce agogon nan ba ya taɓa jini, haske kawai yake aikawa cikin fata, ya kintata daga abin da ya dawo masa, ita kuwa baƙar fata tana shanye wani sashe na hasken. A shekarar 2020 likitoci a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun bayyana cewa na'urar asibiti da ake maƙalawa a yatsa takan nuna wa baƙar fata lafiya lau alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda take yi wa farar fata. To, idan ta asibiti ke nan, ina ga agogon da aka tsinta a tebur a kasuwa? Ko kamfanin Apple da kansa ya ce awon agogonsa ba na binciken cuta ba ne. Ƙari a kan haka, sanyin hunturu, da sako-sakon maɗauri, da yawan motsi, duk suna gurɓata hisabin.

Saboda haka hukuncin agogo zato ne, a saurare shi amma kada a fifita shi a kan shaidar jiki. Wanda ya ji ciwon kai mai tsanani a kan tudu, ko jiri da amai, ko haki yana zaune, ko aka ga leɓensa ya sauya launi yana magana a ruɗe, to ko da agogon ya rubuta 98, in a cikin jirgi ne a sanar da ma'aikatansa su ba shi oksijin, in kuwa a tsauni ne a sauko da shi a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.