Ƙa'idojin Hukumomi: Dokar da Ba a Majalisa Aka Rubuta Ta Ba

Shekaru kaɗan da suka wuce wani tsohon ɗalibina, wanda yake kiwon ikkilisiya a wani babban gari, ya kira ni a waya da dare. Jami'an wata hukuma sun kawo masa takarda cewa lasifikan da aka kafa a saman majami'a sun wuce iyakar ƙarar da aka yarda, in kuwa ba a sauke su ba za a rufe wurin. Ya ce, "Baba, yaushe Majalisa ta yi dokar lasifika? Ni ban taɓa ji ba." A ganinsa, abin da bai fito daga zauren 'yan majalisa ba ba doka ba ne, tsanani ne kawai ake wa masu bi. Har ya riga ya shirya wa'azin Lahadi daga Ayyukan Manzanni sura 5. Na roƙe shi ya ajiye wa'azin tukuna, ya karanta mini takardar daga sama har ƙasa. Da ya kai sakin layi na biyu sai muka ji sunan ƙa'idar da aka kafa hujja da ita, da sunan dokar da ta haifi ƙa'idar. Na ce masa ya sauke lasifikan.

Kuskuren nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Yawancinmu mun san tushen doka a Najeriya kamar yadda aka koya mana a makaranta: Kundin Tsarin Mulki na 1999, dokokin Majalisar Ƙasa da na majalisun jihohi, hukunce-hukuncen manyan kotuna, dokokin Ingila da muka gāda, dokar gargajiya, da shari'ar Musulunci. Amma dokar da fasto yake karo da ita a aikinsa na yau da kullum ba kasafai take fitowa kai tsaye daga waɗannan ba. Kuɗin rajista, fom ɗin da za a cika, tarar jinkiri, tazarar da za a bari tsakanin gini da titi, sharuɗɗan buɗe makarantar firamare ta ikkilisiya, yawancinsu ma'aikatu da hukumomi ne suka rubuta su.

Aron iko

Sashe na 4 na Kundin Tsarin Mulki ya ba majalisa ikon yin doka, sashe na 5 kuma ya ba ɓangaren zartarwa ikon aiwatar da ita. To ta yaya ma'aikacin gwamnati, wanda babu wanda ya zaɓe shi, zai rubuta abin da ya zama tilas a kanmu? Amsar ita ce majalisa ce take ara masa. A cikin dokar da ta kafa wata hukuma, kusan kullum za ka tarar da wani sashe, sau da yawa can kusa da ƙarshe, da ya ce minista ko hukumar za su iya yin ƙa'idoji domin cika manufar dokar. Don sauƙin magana, bari mu kira dokar majalisa uwar doka, ƙa'idar da aka yi a ƙarƙashinta kuma 'yar doka.

Dalilin wannan tsari ba boyayye ba ne. Sanatoci 109 da wakilai 360 ba za su zauna su auna ƙarar janareta ko su tsara fom ɗin asibiti ba. Ba su da lokacin, ba su da ƙwarewar, kuma abubuwa suna canzawa da sauri fiye da yadda kudiri yake ratsa majalisa. Mu da muka karanta Fitowa sura 18 bai kamata abin ya zama mana baƙo ba. Yetro ya ga Musa yana zaune tun safe har yamma yana yanke kowace ƙara shi kaɗai, ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. Waɗannan mutane sun yi hukunci na gaske, jama'a kuma sun bi. Amma shari'ar ba tasu ba ce. An ɗora su a kanta ne su yi aiki da ita.

A kan maganar ƙara, ga yadda sarƙar take a matakin tarayya. A 2007 Majalisar Ƙasa ta yi dokar da ta kafa hukumar NESREA mai kula da muhalli. Dokar ta ba da ikon yin ƙa'idoji, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin iyakance ƙara. Jihohi ma suna da nasu hukumomin muhalli da nasu ƙa'idojin. Ta Legas ta sha rufe majami'u da masallatai saboda ƙara. Mai cewa "ai ba Majalisa ce ta yi ba" bai san cewa Kundin Tsarin Mulki da kansa ya rufe wannan ƙofa ba. Sashe na 36(12) ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a bayyana shi a rubutacciyar doka ba, sa'an nan ya fassara rubutacciyar doka har ta haɗa da ƙa'idojin da aka yi a ƙarƙashin dokar majalisa. Wato ana iya gurfanar da fasto gaban alƙali kan karya ƙa'ida, kamar yadda za a gurfanar da shi kan karya uwar dokar.

Magana ba doka ba ce

Lokacin annobar korona ya koya mana wani abu da ya kamata mu riƙe. Ranar 29 ga Maris 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi, ya ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja na kwana 14. Nan take wasu lauyoyi suka tambaya: da wane iko? Jawabi a talabijin, ko na shugaban ƙasa ne, ba ya zama doka don an faɗe shi. Washegari ya sa hannu a kan ƙa'idojin korona na 2020, aka jingina su da wata tsohuwar dokar killace masu cuta ta 1926, tun zamanin Turawa. Wannan doka ce ta ba Shugaban Ƙasa ikon yin ƙa'idoji a kan cuta mai yaɗuwa, ta kuma bar wa gwamnoni hanyar yin nasu a inda shi bai yi ba. A Janairun 2021 aka sake fitar da wasu ƙa'idoji da suka ce taron ibada kada ya wuce rabin abin da ginin yake ɗauka.

Abin lura a nan shi ne ko fadar shugaban ƙasa sai da ta nemo wa umarninta uwa. Haka nan takardar sanarwa da wani darakta ya aika wa ma'aikatansa, ko saƙon da ake yaɗawa a WhatsApp da tambarin gwamnati, ko maganar kwamishina a rediyo, ba dole ba ne su zama doka. Sanarwar cikin gida tana ɗaure ma'aikacin da aka aika wa, amma ba ta isa ta ƙirƙiro sabon laifi ko sabon haraji a kan jama'a ba. Ƙa'ida ta gaske tana da suna, da shekara, da sashen uwar dokar da ya ba da iko, da sa hannun wanda dokar ta ambata, kuma a bisa al'ada ana buga ta a Gazet, jaridar gwamnati. Idan jami'i ya zo maka da buƙata, ba rashin ladabi ba ne ka tambaye shi cikin natsuwa a ƙarƙashin wace ƙa'ida ya zo, ka kuma roƙi kwafi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya zo neman na goro ne yake tsorata da ita.

In 'ya ta wuce uwa

Tunda ikon aro ne, yana da iyaka. Ƙa'idar da ta shiga inda uwar doka ba ta aike ta ba, kotu tana iya soke ta. Lauyoyi suna da sunan Latin ga wannan, amma Bahaushe ya riga su: wuce gona da iri. Haka kuma idan ba a bi matakan da dokar ta shimfiɗa ba wajen yin ƙa'idar, ko kuwa ta saɓa wa Kundin Tsarin Mulki, wanda sashe na 1(3) ya ce duk dokar da ta yi karo da shi ba ta da ƙarfi gwargwadon karon.

Misalin da ya fi shafar ikkilisiya ya faru a ƙarshen 2016. Hukumar FRC, wadda dokar 2011 ta kafa domin kula da yadda ake rahoton kuɗi, ta fitar da ƙa'idar shugabanci ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, har da na addini. A ciki aka ƙayyade wa shugaba shekara 20 a kan kujera, aka kuma sa iyakar shekara 70 da haihuwa. Ranar 7 ga Janairu 2017 Fasto Enoch Adeboye na ikkilisiyar Redeemed ya sanar da naɗa Fasto Joseph Obayemi ya shugabanci ikkilisiyar a Najeriya, shi kuwa ya ci gaba da jagorancinta a duniya. Ƙasa ta ɗauki zafi. Bayan kwana biyu gwamnati ta dakatar da ƙa'idar, aka kuma sauke shugaban hukumar, Jim Obazee.

Abin da lauyoyi da yawa suka kafa hujja da shi shi ne dokar 2011 ta yi magana a kan littattafan kuɗi, ba a kan wanda zai hau ko ya sauka daga bagade ba. A ganina sun yi daidai. Amma bari in faɗi abin da ba mu cika son ji ba: tambayar da ƙa'idar ta tayar ba ta mutu da dakatarwar ba. Akwai ikkilisiyoyin da mutum ɗaya ne shugaba, shi ne ma'aji, matarsa ce sakatariya, kuma babu wanda ya taɓa ganin lissafin baiko. Hukuma ba ta da hurumin gyara wannan ta wancan hanya, amma hakan bai wanke mu ba.

Kada a haɗa wannan da rikicin dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka sa wa hannu ranar 7 ga Agusta ta maye gurbin ta 1990. Sashe na 839, da ya yi maganar dakatar da amintattun ƙungiya da naɗa masu riƙon ƙwarya, yana cikin uwar dokar ne. Majalisa ce ta rubuta shi, ba Hukumar Rajistar Kamfanoni ba. Don haka zagin ma'aikatan CAC a kansa ɓata yawu ne. Ƙorafinsa na majalisa ne, ko na kotu bisa sashe na 38 da na 40 na Kundin Tsarin Mulki, masu kare 'yancin addini da na ƙungiya, an kuwa kai shi kotu. Abin da hukumar ta rubuta da hannunta shi ne ƙa'idojin kamfanoni na 2021, inda fom-fom da kuɗaɗe da tara suke. Wanda bai bambanta biyun ba zai kai kukansa ƙofar da ba ta dace ba.

Daniyel ko Bulus?

Na dawo kan wa'azin da ɗalibina ya so ya yi. Daniyel sura 6 labarin ƙa'idar gudanarwa ne sak. Manyan ma'aikata ne suka tsara ta, Sarki Dariyus ya sa hannu, ta hana roƙon kowa sai sarki har kwana talatin. Ta cika kowane sharaɗi na dokar Mediya da Farisa. Daniyel bai ce ba a bi mataki ba. Ya ƙi ta ne domin ta nemi abin da na Allah ne kaɗai, ya kuma karɓi hukuncin ba tare da gudu ba. Irin wannan rana tana iya zuwa, kuma idan ta zo mu san ta. Amma rage ƙarar lasifika da tsakar dare ba ramin zakoki ba ne. Maƙwabcin da jaririnsa ya kasa barci shi ma maƙwabci ne da aka umarce mu mu ƙaunata. Fasto da yake kiran kowace takardar hukuma tsanani, ranar da tsanani na gaske ya zo babu mai saurarensa.

Mafi yawan lokaci halin da muke ciki ya fi kama da na Bulus a Filibi, a Ayyukan Manzanni sura 16. Mahukunta sun sa an yi masa dūka an kulle shi ba tare da shari'a ba, alhali shi ɗan ƙasar Roma ne. Da gari ya waye suka aiko a sallame shi a ɓoye, ya ƙi, sai da suka zo da kansu. Bulus ɗin da ya rubuta Romawa sura 13 a kan biyayya ga mahukunta shi ne ya tsaya a kan cewa su ma mahukunta suna ƙarƙashin doka. Bai tara jama'a ba, bai zagi kowa ba. Ya san haƙƙinsa, ya faɗe shi. A yau hanyar ita ce rubutacciyar amsa zuwa ga hukumar a cikin wa'adin da ta bayar, shawarar lauya, sanar da shugabannin gunduma, in ta kama kuma a je kotu. Kafin kotu ta soke ƙa'ida, ana ɗaukarta tana aiki. Fasto ba shi da ikon soke ta daga kan bagade.

A cikin gida

Wannan tsari yana nan a ikkilisiya ma, ko da ba mu lura ba. Akwai kundin tsarin ɗariƙa, akwai ƙa'idojin da babbar majalisa ta yi a ƙarƙashinsa, akwai shawarwarin majalisar gunduma, sa'an nan abin da dattawan ikkilisiya suka zartar a zamansu. Kowanne yana aron iko daga na samansa. Na ga inda dattawa suka zartar cewa ba za a yi jana'izar wanda bai cika kuɗin gini ba. Da aka nemi inda kundin ɗariƙar ya ba su wannan iko, ba a samu ba. A Markus sura 7 Ubangiji Yesu ya tsauta wa malaman da suka bar al'adar keɓe dukiya ga Allah ta soke umarnin girmama iyaye. 'Ya ce ta haɗiye uwa.

Kotunan Najeriya ba sa son shiga harkokin cikin gida na ƙungiyar addini. Amma idan ikkilisiya ta karya kundinta da kanta, misali ta dakatar da ma'aikaci ba tare da an ji ta bakinsa ba alhali kundin ya ce a ji, kotu tana iya shiga, kuma abin da za ta fara nema shi ne kundin da aka yi rajista da shi da littafin rahoton zama. Sakatarorin ikkilisiya da yawa ba su san inda kwafin kundin yake ba.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya nemo takarda ɗaya da wata hukuma ta taɓa aiko wa ikkilisiyarsa, ta haraji ce, ta fili, ta makaranta ko ta rajista. Ya rubuta sunan ƙa'idar da aka ambata a ciki, da uwar dokarta, da sashen da ya ba da iko. Wanda takardarsa ba ta ambaci ko ɗaya ba, ya zo da ita aji yadda take.